Jirgin Baba Na-Iya Mai Igwa Ɗari da Huɗu

Baba Na-Iya bai taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da ya taɓa tsayawa a bakinsa shi ne wanda ke kwanciya a ƙofar gidansa in an yi ruwan sama, shi ɗin ma zagaye shi yake yi yana tattare wando. Amma wannan bai hana shi zama masanin jiragen ruwa ba, kamar yadda rashin mota bai taɓa hana shi koya wa direbobi tuƙi ba. Shekara talatin ya yi yana tsaron sito a wani kamfanin fenti, kuma tun daga ranar da aka ɗauke shi har ranar da ya ajiye aiki, ba wanda ya taɓa jin ya ce bai iya abu ba. A nan ya samo sunan. Shi ya gyara agogon bangon falonsa, wanda yanzu ke bugawa sau bakwai in ƙarfe biyu ta yi. Shi ya gyara famfon tsakar gida, wanda tun daga ranar ba ya kawo ruwa sai tari.

'Yarsa ta fari, wadda duk layin ke kira Malama, watanta biyar da fara koyarwa a wata firamare, kuma har lokacin a matakin gwaji take. Wata Litinin da la'asar ta shigo gida da doguwar takarda a naɗe, ta yi ƙoƙarin wuce uban ba tare da ya gani ba. Ba ta yi sa'a ba.

"Mece ce wannan kike ɓoyewa kamar sammaci?"

"Zane ne, Baba. Nan da mako uku za a yi baje kolin ayyukan azuzuwa, kuma sufeton makarantu zai zo. Abin da ya rubuta a kaina shi za a duba, ko a tabbatar da ni a aiki ko a ce in koma gida. Ni da 'yan ajina muna karatun abubuwan hawa na zamanin da, shi ne nake so Kawu ya yi mini ƙaramin jirgin nan da katako, in ɗora a tebur."

Kawun da take nufi ƙanin mahaifiyarta ne, kafinta, shagonsa na kallon gidan daga tsallaken titi. Shekara ashirin da shida shi da Baba Na-Iya suna gaisawa, kuma ba gaisuwar da ta taɓa ƙarewa ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba.

Baba Na-Iya ya warware takardar a kan teburin falo, ya danne bakinta da takalmansa. Jirgin yaƙi ne irin na da, wanda iska ke turawa: dogayen sanduna uku, ƙyallaye sun kumbura a jikinsu, igwa saba'in da huɗu sun leƙo ta ƙananan tagogi hawa biyu. An rubuta awon kowane katako a gefe, a ƙasa kuma an sa ɗaya bisa hamsin.

"Kin ga wannan?" ya ce, ya ɗora yatsa a kan lambar. "Wato a cikin mutum hamsin, ɗaya ne zai iya aikin."

"A'a, Baba. Ana nufin jirgin gasken ya ninka wannan sau hamsin."

"Abin da na ce ke nan. Gobe zan fara."

Matarsa, Maman Malama, ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Malam, ka bar yarinyar nan ta kai wa ƙanena. Sana'arsa ce."

"Ƙanenki benci yake yi. Benci kuwa ko akuya aka ba guduma za ta haɗa. Jirgi sai mai ilimi."

Malama ta dubi fuskar uban. Shi kuwa ya zura takalmansa ya tsallaka titi don ya kai labarin da bakinsa, amma ya tarar labarin ya riga shi.

"Na ji an ce ka buɗe kamfanin jiragen ruwa, Yaya," in ji Kafinta, yana goge katako da sanfefa bai ɗago ba.

"Kwana goma. In ya wuce kwana goma, canza mini suna."

"Wanda kake da shi ma ai na aro ne. Ga busasshen katako can, ga gam wanda ruwa ba ya ci. Ɗauki, ba don kai ba, don 'yata."

"Riƙe kayanka. Aron zarto kawai na zo, shi ma don nawa ya fi ƙarfin ƙananan ayyuka."

Ba shi da zarto. Kafinta ya sani, ya miƙa masa.

Wanda ya ƙi katakon kyauta dole ya nemo nasa. Washegari Maman Malama ta tafi kasuwa, ta dawo ta tarar kabad ɗinta ƙofa ɗaya gare ta.

"Malam, ina ɗayar ƙofar?"

"Ta shiga aikin soja."

"Kayana fa, a buɗe za su zauna?"

"Kaya suna son iska. Daga baya za ki gode mini."

Ƙofar ba ta isa ba. Ranar Alhamis ya zare katakon ƙasa na kantar kicin, ya bar na sama, bai lura na ƙasan ne ke tallafe da na saman ba. Yana falo yana awo ya ji tangaran goma sha biyu sun sauko tare. Ya saurara har ƙarar ta ɗauke, sannan ya ce wa matarsa ta taga, wanda ya kafa kantar nan bai san aikinsa ba. Ta tuna masa cewa shi ya kafa ta.

Gam kuwa, ya sayo irin wanda ke kama abu kafin a ƙifta ido. Ya kama ɗin. Ya haɗa katako da katako, ya haɗa babban yatsansa na hagu da gangar jikin jirgin, da ya kai hannun dama zai gyara tabarau ya shafe gilashi ɗaya da shi. Haka ya wuni da rabin jirgi a hannu. Da shi ya ci abincin rana. Da shi ya karɓi gaisuwar Tela, maƙwabcinsa na jikin katanga, ya bayyana masa cewa ƙwararru ba sa sakin aiki sai ya bushe. Da yamma Maman Malama ta raba su da ruwan ɗumi da mai, jirgin ya tafi da 'yar fata kaɗan. Daga ranar Baba Na-Iya ya yanke hukunci cewa gam ɗin kanti na jahilai ne. Ya ɗora tukunya ya dama nasa da sitacin wanki, ya zuba sukari kofi guda don ƙarin danƙo.

A rana ta tara gangar jirgin ta tsaya. Tsakani da Allah ta yi kama da jirgi, in an tsaya daga dama. Tsawonta bai kai na benci ba, kuma haka takarda ta ce.

Matsalar daga tef ɗin awo ta fito. Gefe ɗaya santimita ne, lambobi ƙanana a cushe. Ɗaya gefen inci ne, lambobi manya a wadace. Gangar da santimita ya auna ta. Da ya zo kan sanduna, tabaran da gam ya dushe ya daina nuna masa ƙananan lambobi, sai ya juya tef ɗin. Lamba ai lamba ce. Sandar tsakiya, wadda ya kamata ta tsaya masa a ƙugu, ta buƙaci abin da ya fi shi tsawo. Bai ga laifin takarda ba, bai kuma ga nasa ba. Ya sauke sandar labulen falo ya kafa, ya ƙara da ta goge-goge da ta tsintsiya. Tun da labulen ya rasa wurin rataya, sai ya kai wa Tela ya yanka shi gida tara don iska ta samu abin turawa.

"Ban taɓa ɗinka wa jirgi kaya ba," in ji Tela. "A sa masa aljihu?"

"Yi abin da aka sa ka."

Tagar falon tana kallon titi, kuma yanzu ba labule. Kafin kwana biyu duk mai wucewa ya san inda zai rage tafiya. Mai wanki yakan ajiye ƙunshinsa ya jingina da ƙarfen taga. Matan layi kan tsaya da bokiti a ka. Tela ya jawo kujerarsa waje gaba ɗaya. Baba Na-Iya bai kore su ba. Ya ɗaura fensir a kunne, ya riƙa yi musu bayani a kan iskar teku, wadda ya ce ta fi ta gari kauri.

Kafinta ya tsallako a rana ta goma sha ɗaya, ya daɗe yana kallo ta taga.

"Yaya, kwana goma sun cika jiya. Wane suna kake so?"

"Ba a ƙirga Lahadi."

"To. Amma wannan jirgi ne ko sandar tuta ce aka yi wa takalmi?"

"Ka taɓa ganin teku?"

"A'a."

"To yi shiru."

"Kai fa?"

"Ni ba ni na yi tambaya a kan sanduna ba."

A kwanakin nan ba wuta a unguwar, don haka sandar tsakiya ta samu wuri ta miƙe tsakanin fukafukan fankar silin ba mai damunta. Ranar Laraba da azahar, yana tsaka da nuna wa mutanen taga yadda ake ɗaure igiya, aka kawo wuta. Ba wanda ya kashe makunnin tun ranar da aka ɗauke. Fanka ta juya a hankali, kamar mai gaisuwa, sannan ta kwashe sandar da labulenta ta yi jifa da su bayan kujera. Ta biyu ta bi ta. Ta ukun ta tsaya, amma ta tafi da fiffike ɗaya na fankar.

Mutanen taga suka leƙo suna neman inda ya shiga.

"Gwaji ne," in ji Baba Na-Iya daga ƙarƙashin tebur. "Jirgin da bai ga guguwa a gida ba, a waje zai ba da kunya."

"Wa ya ci?" in ji mai wanki.

"Ɗaya da ɗaya," in ji Tela.

Ya mai da sandunan yadda suke, bai rage ko taƙi ba. Fankar ya kwance, ya jingine ta a bayan gida kusa da injin niƙan da ya gyara bara.

Saura igwa. Malama ta kawo masa tsofaffin biro cike da leda, ta ce in an yanka su an shafa baƙin fenti sun wadatar. Ya dube ta kamar ta ce a yi yaƙi da tsinken sakace. A bayan gida akwai ragowar rodi tun ginin katanga. Kwana huɗu ya yi yana yanka shi guntu-guntu da zarton Kafinta, har zarton ya koma santsi kamar bayan cokali. Da ya ƙirga ya ga guntayen sun kai ɗari da huɗu, kuma bai ga dalilin da zai sa talatin su zauna ba aiki ba. Sai ya ƙara wa jirgin hawa na uku a sama, ya jera su can, mafiya kauri a gaba don a gansu.

"Baba, takarda saba'in da huɗu ta ce."

"Takarda ba ta san abokan gaba ba."

"Aikina ne fa, Baba," ta ce a hankali. "In abin nan ya lalace, ni za a kalla."

"Shi ya sa ban bar shi a hannun masu benci ba."

Ya faɗa da gaske, ita ma ta san da gaske yake. Ta shiga ɗaki ta zauna kusa da uwar, su biyu suna kallon kabad mai ƙofa ɗaya.

Ana saura kwana uku sukarin ya fara aiki. Layin tururuwa ya taso daga bakin ƙofa, ya hau ƙafar tebur, ya shiga ta tagar igwa ta farko. Kafin yamma sun cika hawa uku, wasu har sun hau sanda.

"Barka, Baba," in ji Tela. "Jirgi ya samu ma'aikata."

"Jirgin kirki shi ke kiran mutanensa."

Ya fesa musu maganin ƙwari, suka sauka hawan ƙasa suka jira ya gama.

Ranar baje kolin da sassafe aka gano cewa sandunan sun fi ƙofar falo tsawo da kamu biyu. Baba Na-Iya ya auna ƙofar, ya auna jirgin, ya sake auna ƙofar, ya ce magina sun cuce shi. Ya ɗauko guduma zai fasa saman ƙofa, ya tarar Maman Malama tsaye a wurin da kayanta na fita.

"Ni ko ƙofar, zaɓi wadda za ka fara fasawa."

Ya ajiye gudumar. Aka kira Kafinta da Tela, aka kwantar da jirgin a gefensa aka fitar da shi kamar marar lafiya. Igwa ɗari da huɗu suka zube a bakin ƙofa, wasu suka gangara kwata. Nan a titi ya zauna da sabon damun sitaci ya mai da su ɗaya bayan ɗaya, mutanen layi suna miƙo masa. Ba lokacin jiran bushewa. Aka ɗora jirgin a baro, shi yana turawa, Kafinta da Tela suna tallafe da gefe da gefe.

Malama ta tare shi kafin su tashi. "Baba, alkawari biyu. A tebur zai tsaya, kuma ba za ka yi jawabi ba."

"Aikin zai yi magana da kansa."

A kwanar farko sandar tsakiya ta bi ta ƙarƙashin igiyar shanyar mai wanki, ta fito da farar singileti a kanta. Mai wanki ya biyo su yana cewa ta mutane ce.

"Jirgin yaƙi ba ya mai da ganima," in ji Baba Na-Iya.

"Farar tuta dai ta miƙa wuya ce, Yaya," in ji Kafinta.

Aka tsaya aka mai da singileti.

Abin mamaki, a makaranta jirgin ya yi kyau. An jera tebura a fili ƙarƙashin bishiyoyi, sauran azuzuwa sun kawo motocin kwali da gidajen tsinke, sai ga na ajin Malama ya tsere wa kowa, labule yana kaɗawa a sama. Yara suka yi masa zobe. Iyaye suka riƙa ɗaukar hoto daga dama, inda Malama ta juyo musu shi.

Sufeton dogo ne siriri, mai fuskar da ba ta saba da dariya ba, da littafi a hannu. Hedimasta na biye da shi yana murmushin mutum biyu. Ya zagaya jirgin sau ɗaya, ya ɗaga kai ya bi sandar da ido har ƙarshe.

"Me ya sa sandunan suka yi tsawo haka?"

"Don ya riga abokan gaba samun iska, ranka ya daɗe," in ji Baba Na-Iya. Ya dubi 'yarsa, ya nuna mata da ido cewa wannan amsa ce, ba jawabi ba.

Sufeto ya gyaɗa kai, ya rubuta layi ɗaya. Ya tambayi yaran abin da ke tura irin wannan jirgi, suka ce iska. Ya tambayi abin da aka yi shi da shi, suka ce katako. Ya rufe littafin, ya ɗaga ƙafa zai wuce tebur na gaba. Malama ta sauke numfashin da ta riƙe mako uku.

Sai wata 'yar aji mai gibi ta ɗaga hannu. "Malama, yana tafiya a kan ruwa?"

"A'a, wannan na kallo ne."

"Na ado ne, 'yata," in ji Kafinta daga baya. "Irin wanda ake ajiyewa nesa da raɓa."

Wasu iyaye suka yi dariya. Ba dariya mai yawa ba ce, amma Baba Na-Iya ya ji ta har cikin yatsan da ya rasa fata. Taku ashirin daga teburin akwai tankin siminti mai faɗi da ake ban ruwan lambun makaranta da shi, cike fal.

"Tela, kama can."

"Baba," in ji Malama.

"Ba jawabi zan yi ba."

Sufeto ya dawo da ƙafarsa. Makaranta gaba ɗaya ta bi jirgin zuwa bakin tanki. Baba Na-Iya ya naɗe hannun riga, ya ɗora shi a kan ruwa a hankali, ya saki.

Ya tsaya. Wannan kowa ya shaida, kuma har yau shi ne abin da Baba Na-Iya ke fara faɗa. Ya tsaya cak, ruwa ya kai dab da tagogin hawan ƙasa, har ya ɗan matsa gaba. Yara suka fara tafi. Baba Na-Iya ya juya yana neman fuskar Kafinta a cikin taro, don haka bai ga farkon abin ba.

Wata 'yar iska ce ta taso, wadda ko hular Hedimasta ba ta motsa ba. Labule ya cika. Jirgin ya karkata hagu kamar mai son jin wata magana, ya daɗe a haka, bai dawo ba. Ruwa ya shiga ta tagogi. Igwogin hawa na uku, waɗanda sitacinsu bai bushe ba, suka silale zuwa gefen da ya yi ƙasa, suka fara faɗawa ɗaya-ɗaya, tsulum, tsulum. Tururuwa suka fito a layi, suka hau sandar tsakiya ba turereniya. Sandar ta kwanto a hankali har kanta ya taɓa bakin tanki, suka bi ta suka sauka, ba wadda ta jiƙe. Sannan gangar ta kife. Ruwan ya yi fari. Aka ga kumfa, aka daina gani.

Can sai katako ɗaya ya taso, wani ya biyo shi, wani ya biyo, kowanne shi kaɗai, ba wanda ke manne da ɗan'uwansa. Na ƙarshe ya taso da marikin ƙarfe a jikinsa.

"Ga ƙofata," in ji Maman Malama.

Sufeto ya buɗe littafinsa. "Malama, ajinki ne. Me ya sa ya nutse?"

Malama ta dubi ruwan, ta dubi uban. Sai ta juya wa 'yan ajinta. "Wa zai gaya wa baƙonmu?"

Hannu talatin suka tashi.

"Ƙarfe ya yi yawa a sama."

"Tagogin suna kusa da ruwa, kuma a buɗe."

"Sandunan sun fi ƙarfinsa."

"Abin da aka manna shi da shi ya narke."

"Wanda ya yi shi bai iya ba."

"Wannan ba ya cikin darasi," in ji Malama. Ta aika aka kawo robar wanke hannu, ta tsamo guntun rodi biyu daga bakin tanki, ta sa su a gindin robar ta ɗora a ruwa, ta tsaya. Ta ɗora katako a bakin robar ta mai da ƙarfen samansa, ta kife. Ta sa yara uku suka gwada da hannunsu, ta sa na huɗu ya faɗi dalili da bakinsa. Sufeto ya cika shafi, ya juya, ya cika wani.

Baba Na-Iya yana tsaye a gefe, hannun riga a naɗe, yana sauraron 'yan shekara tara suna jera laifuffukansa a tsare, ba wanda suka tsallake.

"Na daɗe ban ga yara sun kama darasi haka ba," in ji Sufeto ga Hedimasta. "Kada ka bari malamar nan ta kuɓuce maka. Sai dai nan gaba a riƙa nutsar da abin da bai kai wannan wahala ba."

Baba Na-Iya ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, akwai gyara. Jirgin ba shi da laifi. Ɗaya bisa hamsin aka ce, haka na yi shi. Ruwan ne ba wanda ya rage. Cikakke suka zuba masa."

Sufeto ya dube shi na ɗan lokaci, ya duba biron hannunsa, ya mai da shi aljihu.

"Gaskiyarka, Yaya," in ji Kafinta. "Cokali ɗaya ya kamata a ba shi."

Hedimasta ya raka baƙo zuwa tebur na gaba, ya dawo ba murmushi. Ya ce da yamma za a yi ban ruwa, kuma ba za a sa bokiti a tankin da ke cike da ƙarfe da ƙusa ba. Wanda ya zuba shi zai kwashe. Tela ya tuna yana da ɗinki. Kafinta ya ce bayansa na ciwo, amma zai tsaya ya ba da shawara.

Haka Baba Na-Iya ya cire takalmi da hula, ya miƙa wa matarsa tabarau, ya shiga tanki. Ruwan ya kai masa ƙugu, kuma shi ne ruwa mafi zurfi da ya taɓa shiga a rayuwarsa. Malama ta riƙe masa bokiti a baki. Da ya zame ta kama hannunsa, ta daɗe ba ta saki ba.

Malamin lissafi ya ga dama ta samu, ya jero 'yan ajinsa a bakin tanki. Duk guntun da aka tsamo ya faɗa bokiti, sai su ƙirga da murya ɗaya.

"Ƙarfe goma sha bakwai. Ƙarfe goma sha takwas."

Baba Na-Iya ya miƙe, sitaci na ɗiga daga gemunsa, ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya har suka yi shiru.

"Igwa ake cewa," ya ce. "Ku koma daga farko."